Hannun Mai Takaba

Na'urar Ƙunsau ta sauke siririn bakinta a kan tafin wata amarya, ta shiga zana ganye da fure, layi bai karkace ba ko sau ɗaya. Dakta Sa'ade Rano tana tsaye bayan gilashi a hawa na arba'in na Cibiyar Binciken Jini ta birnin Tudun Haske, tana kallo. Shekara tara ke nan, amma har yau abin yana faranta mata rai.

Ita ta ƙirƙiro lallen. A cikin kwaɓinsa akwai ƙananan injuna da ido ba ya gani, ta raɗa musu suna 'yan-aike. Suna shan hasken rana ta cikin jan launin, su riƙa tura maganin ƙanjamau cikin jini kaɗan-kaɗan har sati shida. Shi ya sa dole lallen ya zama ja, dole kuma ya zauna a hannu inda rana ke gani. Maza kuwa zoben azurfa aka yi musu.

Hikimar ba a maganin take ba, a rufin asirin take. Kowace unguwa akwai Ƙunsau, kowace mace tana zuwa, mai cuta da marar cuta, kuma na'urar kaɗai ta san kwaɓin wa ke da magani. Mata masu zaman kansu, da 'yan gudun hijira na ƙarƙashin gadar jirgi, da matan aure masu ɓoye ƙwaya cikin gwangwanin kuka, duk suka samu sa'ida. Yabo ya yi yawa har kan Sa'ade ya ɗan kumbura, wa ma zai ga laifinta. Ta tsaya gaban majalisar lafiya ta ce zamanin haɗiyar ƙwaya ya wuce, aka biye mata, aka rufe masana'antar da ke yin ƙwayar.

Ran nan da hantsi aka shigo mata da wata mata mai suna Yahanasu, wadda na'ura ta sa cikin jerin masu ƙin zuwa. Sanye take da tsohon hijabi, ba kwalli, ba ɗan kunne. Hannayenta fari fat.

Sa'ade ta ce, "Malama Yahanasu, sati uku ke nan lallenki ya goge. Lafiya?"

"Maigidana ne ya rasu, Likita. Yau kwana ashirin."

"Allah ya jiƙansa. Ya haƙuri?"

"Da godiya." Ta sunkuyar da kai. "Takaba nake. Yanzun ma cewa na yi ciwon kai ya matsa mini, aka bar ni na fito."

Sai a lokacin abin ya faɗo wa Sa'ade. Wata huɗu da kwana goma mai takaba ba ta ado, ba turare, ba zobe, ba lalle. Ta san wannan tun tana yarinya, ta ga mahaifiyarta ta yi, amma a shekara tara na bincike ko sau ɗaya bai zo mata a rai ba. Kunya ta kama ta.

Ta yi ƙarfin hali ta ce, "Ai lalura ce. Duk malamin da kika tambaya zai ce miki ya halatta."

"Na sani, na tambaya a ɓoye, haka ya ce." Yahanasu ta ɗago ido. "To in na koma gida da jan hannu, dangin miji cike da tsakar gida, me zan ce musu? Kowa ya san irin lalurar da ke sa mai takaba ƙunshi. 'Ya'yana mata biyu ne, Likita, lafiyarsu ƙalau, an sa wa babbar rana. Ranar da aka ga hannuna, ranar za a dawo karɓar kaya."

"A yi miki a ƙafa, ko a baya..." Sa'ade ta katse maganar da kanta. Inda rana ba ta gani, 'yan-aike ba sa aiki.

"Ƙwayar nan ta da nake so. Na iya ɓoye ta, shekara goma sha ɗaya na yi ina sha, ko shi marigayin bai taɓa ganin inda nake ajiyewa ba."

"Babu ita."

"Ko a sito?"

"Ko a sito. Ni na sa aka daina yi."

Sa'ade ta juya ga allon da ke bango ta ce ya ware mata, cikin jerin masu ƙin zuwa, waɗanda mazansu suka rasu. Sunaye suka yi ta gangarowa, dubu biyu da ɗari uku da wani abu. Na'ura ta rubuta wa kowacce "taurin kai" a gaban sunanta, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuma an ja musu baƙin layi, alamar sun rasu. Su ba su taɓa hawowa hawa na arba'in sun yi bayani ba. A tayar da masana'antar kuwa, ko yau aka fara, sai an ci wata takwas.

Yahanasu ta miƙe, ta gyara hijabinta, ta ja hannayenta ciki.

"Saura kwana ɗari da goma na fita, Likita. Ke kika san jinina. Zan kai?"

Sakamakon gwajinta yana nan a gefen allo, Sa'ade ta riga ta karanta shi tun kafin matar ta zauna. Bai nuna za ta kai ba, sai Sa'ade ta kawar da ido. Yahanasu ta ɗan jira, sannan ta gyaɗa kai, ta yi mata godiya, ta fita.