Ƙarfen Gidan Sallau

Magariba ta kawo jiki a Matameye. Kaji sun shige akurki, hayaƙin tuwo ya kwanta bisa dangogi. Sallau ya dawo daga aikin hanya, inda Nasara suka ɗebi maza suka kai tun bayan girbi. Ya yi sallama. Matarsa Tanna ba ta amsa ba.

Tana tsaye gaban ƙarfen. Kumandan Nasara ne ya sa aka raba irinsa a unguwanni, mashin ɗin ɓarar gyaɗa: akwati ne mai dogon hannu, a tura, a jawo, ɓawo ya zube ƙasa. Aka ce a cika buhuna kafin raƙuma su tashi Kano. Da maza suka tafi, aikin ya faɗo kan Tanna ita kaɗai.

Tana turawa, tana jawowa. Akwatin kuwa babu ko ƙwaya.

"Tanna, gyaɗar da ke ciki ai ta ƙare. Zo ki zauna."

Ba ta juyo ba. Sai dutse ya faɗo daga sama ya bugi ƙarfen. Wani ya biyo shi. Sallau ya leƙa bayan danga, bai ga kowa ba sai akuya tana tuƙa.

Haka ya zama kullum in rana ta faɗi. Duwatsun ba sa taɓa mutum, ba sa fasa tukunya, ƙarfen kaɗai suke nema. Wani lokaci a ji kukan tsohuwa ƙasa-ƙasa daga gindin rumbu. Tanna ta daina magana, kunu ma sai an ɗura mata. Sallau ya ja ƙarfen ya kai zaure, ya kulle Tanna a ɗaki. Ta tsaya jikin bango tana turawa har fatar yatsunta ta saɓule.

Ya tafi Icirnawa ya ɗauko Malam Muntaka, wanda aka sani da aikin iska. Malam ya shimfiɗa buzu bayan la'asar, ya sa turare, ya fara karatu. Inuwa ta cika tsakar gida kafin bakin Tanna ya buɗe, muryar tsohuwa ta fito.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni a banza."

"Wace ce ke?"

"'Yar gida ce. Ina gindin rumbun nan tun ba a haifi kakan wannan yaron ba."

"Me yarinyar ta yi miki?"

"Alheri. Da, in an yi girbi, mata kan cika wurin nan suna ɓara da hannu, suna gulmar mazansu, ina gefe ina shan dariya. Tanna takan jefo mini 'yan ƙwaya. Da aka kawo wancan abin, babu wadda ta sake shigowa. Na ga yarinyar tana ƙarewa, sai na shige ta don in riƙe mata hannu."

"To, sake ta."

"Ba ni na kama ta ba. Na tarar da wani a ciki."

Malam ya ajiye carbi. "Musulmi ne ko arne? Wa sunansa?"

"Na tambaye shi. Ba shi da suna. Ba ya jin yunwa balle a yi masa yanka. Ko fushi ba ya yi, Malam. Tura, jawo, iyakar abin da ya sani ke nan. Na jefi gidansa da duwatsu har na gaji. Ka buɗe mini hanya in fita, tsoro nake ji."

Sallau ya durƙusa.

"Kaka, ki zauna. Akuyar nan taki ce. Kada ki bar Tanna da shi."

"Ɗan nan, kullum wurin ƙara matsewa yake. Jiya na nemi inda take ajiye sunanka, ban samu ba." Muryar ta yi rauni. "Ku ɓara mini gyaɗa cikin tafi, da hannu, ku ajiye a hanyar Dawce. Can yamma zan nufa, inda abin bai kai ba tukuna."

Tanna ta yi atishawa. Wata 'yar iska ta kaɗa ɓawon gyaɗa, ta fice ta zaure. Gidan ya yi tsit.

Hannayen Tanna ba su tsaya ba.

Malam ya koma karatu. Ya yi har muryarsa ta dishe, har aka kira isha, babu abin da ya tanka masa. Ya naɗe buzunsa a hankali, bai dubi Sallau ba.

"Mai ji ake yi wa karatu," in ji shi. "Allah Ya kawo sauƙi."

Da gari ya waye Sallau ya kai gyaɗar hanyar Dawce. Ya dawo ya tarar da Tanna jikin bango, jini ya zana layi biyu a kan yaɓen. Ya kira ta da sunanta, ya kira ta da sunan da uwarta ke kiranta. Ta ci gaba da turawa.

Daga nan ya shiga zaure ya jawo ƙarfen. Ya naɗe mata yatsu da tsumma, ya ɗora su bisa hannun mashin, inda ba za su ƙara ciwo ba. Ya kwance bakin buhu, ya ɗebo gyaɗa ya zuba mata.