Kwabon da Bango Biyu Suka Ci

Magariba ta kawo jiki a Doha, rana ta yi ja a bayan dogayen benaye, lokacin da Atine ta juye aljihun rigar makarantar ɗiyarta Nasira za ta saka a injin wanki. Kwabo ya faɗo, na dirhami hamsin, irin wanda ake ba mutum canji a kanti. Bai gangara ba. Ya faɗi tim, ya tsaya.

Ta ɗauka ta juya shi. Gefensa ya cinye ta wuri biyu, nan da can, ya yi sumul kamar an goga a dutsen niƙa. Kuma sanyi gare shi, a garin da ko ruwan famfo yake fitowa da zafi. Tana cikin dubawa ta ji tsakuwa ta bugi gilashin taga. Su kuwa a can ƙololuwar bene suke, inda ko tsuntsu sai ya yi niyya.

Atine ma'aikaciyar jinya ce, aikin yamma take yi, sai ranar hutu irin wannan magariba ke riskarta a gida. Mijinta Sagiru yana aikin iskar gas a tsakiyar teku, sai an kwana biyu ake ganinsa. Da can maƙwabciyarsu Alimatu, mutuniyar Kumasi, ita ke riƙe Nasira idan ta taso daga makaranta, su yi ta wasa da ɗiyarta Fauzia. Aikin mijin Alimatu ya ƙare, suka koma Ghana, aka garƙame gidan. Tun daga nan Nasira ke buɗe wa kanta ƙofa, ta ɗumama abincinta, ta zauna jiran uwa. Ba ta taɓa ƙorafi ba, Atine kuwa ta ɗauki shirun nan a matsayin hankali.

Ta aika wa Sagiru hoton kwabon. Shi da yake injiniya, nan take ya yanke hukunci: injin wanki ne ya ci shi, ko tayar mota. Atine ta so ta yarda. Amma tsakuwa ba ta daina ba, kuma yarinyar ta soma ramewa. Ta daina cin abinci, ta daina amsa kira. Da zarar rana ta sunkuya sai ta shige ɗaki ta zauna a kan gado, fuskarta na kallon bango. Wata magariba a ranar hutunta Atine ta leƙa, ta ji tana dariya ƙasa-ƙasa da muryar da ba tata ba.

"Nasira, ke da wa?"

Yarinyar ta waiwayo a hankali. Idanun nata ne, amma kallon na wata tsohuwa ce da ba ta san Atine ba. Nan uwar ta tabbata ɗiyarta na zamewa daga hannunta.

Washegari ta kira Malam Shamsudeen, wani dattijo ɗan Zango da ke karantar da yara a unguwar, wanda aka san shi da ruƙiyya. Bai fara da karatu ba. Ya karɓi kwabon, ya kai shi bakin taga, ya daɗe yana juyawa.

"Maman Nasira, wannan ba aikin inji ba ne. Fenti ne a jikinsa. Nan shuɗi, nan rawaya."

Suka ja gadon yarinyar. A shuɗin bangon akwai rami ɗan siriri, daidai tsawon hannun yaro a zaune. Rawayar fa? Atine ta dafe ƙirji. Kaf gidanta babu rawaya. Ɗakin Fauzia ne mai rawaya, a bayan wannan bangon, a gidan da ke kulle.

Malam ya zauna ya soma karanta ayoyi, muryarsa a kwance. Ɗakin ya yi tsit, har na'urar sanyaya ɗaki ta ɗauke. Nasira ta sandare, sannan bakinta ya buɗe da muryar nan da ba tata ba.

"Ka ƙona ni, Malam. Me na yi?"

"Wace ce ke, kuma me ya kawo ki jikin yarinyar mutane?"

"Nan nake tun wurin nan yana rairayi. Ban taɓa shiga harkar kowa ba. Yaran nan biyu suna ƙwanƙwasa wa juna bango da kwabo kowace magariba, ina jin su. Ɗayar ta tafi. Wannan ta ci gaba da bugawa, tana gogawa, tana jira. Babu mai amsawa. Ni ma na san zaman da babu mai amsawa. Sai na miƙo hannu na karɓi kwabon, na buga mata."

Atine ta toshe baki, hawaye na bin yatsunta. Kunya ce ta kama ta, ta fi tsoron yawa.

"Ki fita," in ji Malam. "Ba jinsinku ɗaya ba. Ƙaunarki cinye ta take yi."

"Ku bar mini magariba kawai."

"Ko ƙiftawar ido."

Malam ya ci gaba da karatu.

"Zan tafi. Amma ranar da ta buga ba a amsa ba, kada a ga laifina."

Nasira ta yi atishawa, ta sulale a jikin uwarta, ta ce da ƙaramar muryarta, "Umma, yunwa nake ji."

Malam ya so tafiya da kwabon ya jefa a teku wajen Corniche, gaɓar birnin. Atine ta roƙe shi ya tofe shi ya bar mata. Ta nemi a mai da ita aikin safe, ta jure surutun shugabarta. Ta jawo gadon Nasira zuwa bangon da ya raba ɗakunansu.

Magaribar farko, tana kan sallaya, ta ji bugun bango daga ɗakin Nasira: ƙwas, ƙwas, a hankali, irin bugun wanda bai sa ran amsa ba. Tana sallamewa ta rarumi kwabon ta buga da ƙarfi, ta sake bugawa. Daga can ta ji dariyar ɗiyarta, da muryarta ta gaskiya. A bayan ɗaya bangon kuwa, cikin gidan da ke kulle, wani abu ya goga sau ɗaya, ya yi shiru.