Ma'aikaci Na Nan Tafe

Madarar jarirai muka je saya, ba wani abu ba. Nonona ya ɗauke tun da na yi zazzaɓi, gwangwanin da ke gida ya ƙare ƙaf, muka bar 'yarmu a hannun mahaifiyata tana tsala kuka. Maigidana ya taso daga gareji ko baƙin man hannunsa bai gama wankewa ba, ya ce mu yi maza kafin magariba ta rufa.

Babban kantin nan da ba haka yake ba. Ina yarinya, kafin ka ɗauki kwando wani ya tare ka da sannu da zuwa. Yanzu kuwa sai ka yi ta gararamba a cikin layuka babu mai ce maka kanzil. Sun rage ma'aikata, sun kulle rabin kayan a cikin gilas saboda ɓarayi, suka manna wani maɓalli a jikin kowace kanta. Kana dannawa ƙararrawa za ta buga, muryar wata mata ta fito daga lasifika ta ce, "Ma'aikaci na nan tafe." Tafiyar da ba ta da ranar isowa. In kuma ka yi sa'ar cafke ɗaya daga cikin masu jan falmaran, ko kallonka ba zai yi ba. Hannu zai miƙa ya nuna maka can gaba, ya ce ba sashensa ba ne.

Madarar tana cikin gilas, ga ta ga ni. Na danna, matar ta yi mini alkawarinta. Na sake dannawa har yatsana ya yi zafi. Raina ya ɓaci ƙwarai, don kukan yarinyata bai bar kunnena ba. A ƙarshen layinmu akwai wata ma'aikaciya a kan tsani tana jera sabulu. Na kira ta, ta yi kamar da bango nake.

Sai wata ƙararrawa ta buga daga can ƙuryar kantin, inda fitilu suka mutu ba a gyara ba. Ba irin tamu ba ce. Wannan a dishe take, kamar ta gaji da bugawa.

Ma'aikaciyar ta daskare da sabulu a hannu. Ta sauko a hankali, ta tuɓe jan falmaran ɗinta, ta rataye a jikin tsanin, ta bar wurin da sauri ba waiwaye. Na ce da maigidana ya ga ƙarshen lalaci, an kai ga tuɓe rigar aiki don kada a sa mutum aiki.

Shi kuwa mutum ne mai barkwanci, ko a gidan makoki sai an harare shi. Ya je ya laluba aljihun falmaran ɗin, sai ga tarin makullai. Maimakon ya ɗauko su kawai, sai ya zura rigar a kan tasa, ya dawo yana taku ɗai-ɗai, ya rusuna a gabana.

"Ranki ya daɗe, me za a kawo miki?"

Na yi dariya. Rabona da dariya tun kafin zazzaɓin. Ya juya ya shiga gwada makullan a jikin gilas ɗaya bayan ɗaya.

Kiɗan da ke tashi a lasifika ya yanke.

Sai na ji kukan taya. Ƙiii, ƙiii. Keken zuba kaya ne ake turowa daga wajen duhun nan. Wari ya riga shi isowa: ruɓaɓɓen nama, madarar da ta yi tsami, da ƙurar ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba.

Ya karyo kwanar layinmu. Dattijo ne dogo, sai da ya sunkuya kafin ya wuce ƙarƙashin allon da ke rataye. Kekensa cike yake da kaya, amma irin kwalayen da rabona da ganinsu tun ina riƙe da zanen mahaifiyata. Gwangwanaye sun kumbura. Burodi ya zama baƙi ƙirin. Ina jin kukan tayar, amma ban ji takun ƙafarsa ba.

Hannunsa na kalla. Yatsansa manuni ya cinye har ƙashi ya fito, ƙashin ma ya goge ya yi santsi.

Ya tsaya a bayan maigidana. Muryarsa ƙasa-ƙasa, da ladabi.

"Ka iso. Na daɗe ina dannawa."

Maigidana bai juyo ba, yana fama da makulli, kuma wasansa bai ƙare ba. Ya maƙe murya irin tasu, ya miƙa hannun dama ya nuna can gaba.

"Ba sashena ba ne, Baba. Ka ƙara gaba."

Ya dube ni yana jiran in yi dariya.

Dattijon ya kama hannun da aka nuna masa hanya da shi. Ya murɗe. Na ji ƙashi ya ce ƙas, ya sake cewa ƙas, gwiwar hannun ta juya inda ba ta juyawa. Maigidana ya ƙwalla ƙarar da ban taɓa sanin tana cikinsa ba.

Dattijon ya ɗaga shi ya maka a jikin gilas. Gilas ya tarwatse. Gwangwanaye suka zubo suna gangarawa, wani ya fashe, farin gari ya tashi. Ya janyo shi ya sake makawa. Kafaɗarsa ta bugi maɓallin.

"Ma'aikaci na nan tafe," in ji lasifika.

Ya sake makawa.

"Ma'aikaci na nan tafe."

Jini ya wanke fuskar mijina, ya gangaro ya cakuɗe da garin madara a ƙasa. Na rarumi gwangwani na kwaɗa wa dattijon a ƙeya da duk ƙarfina. Gwangwanin ne ya lotse. Na yakushe shi, na cije shi, bakina ya cika da ɗanɗanon ƙura. Sai a lokacin ya juyo da ido ɗaya ya dube ni, ba tare da fushi ba.

"Ki jira, 'yata. Na riga ki zuwa."

Ya shaƙe wuyan maigidana ya ɗaga shi sama. Ƙafafunsa suka bar ƙasa suna shure-shure. Takalmi ɗaya ya fita. Ihunsa ya tsaya, sai wani gurnani a maƙogwaro.

Wani abu ya taɓa idon sawuna. Yarinyar nan ce mai jera sabulu, kwance a ƙarƙashin kanta.

"Falmaran ɗin, Anti," ta raɗa. "Shi yake gani. Cire masa."

Na duƙa na ɗauki tsinin gilas. Ya yanki tafin hannuna, ban ji ba sai daga baya. Na zagaya bayan mijina, na kama gindin rigar, na tsarga ta daga ƙasa zuwa sama. Yadin ya yi tauri a wuya. Na sa haƙori. Na fizge ɓari ɗaya, na fizge ɗayan ta kan karyayyen hannun, na yi jifa da su.

Shure-shuren ya riga ya tsaya.

Dattijon ya ƙura wa abin da ke hannunsa ido, kamar yanzu ya fara ganinsa. Ya buɗe yatsunsa. Maigidana ya zube a kan gilasai. Na kifa kunnena a bakinsa. Shiru. Sai wani numfashi siriri, mai kumfar jini.

"Ina ya tafi?" in ji dattijon. "Yanzu yake nan."

Sai ga gudu. Manaja ne da kansa, da kwat da taye, domin jiniyar fashewar gilas ta tashi a ofishinsa. Ashe suna da ƙafafu. Ya wuce ta gaban dattijon har cinyarsa ta gogi keken, bai ɗaga ido ba. Bai dubi mijina ba, bai dube ni ba. Gilas ya duba, ya dubi gwangwanaye, sannan ya duƙa ya tsinci ɓarin falmaran, yana tambaya wa ya yanka kayan kamfani.

"Ajiye shi," na ce. "Don girman Allah ajiye."

Ya ce in ina da ƙorafi akwai tebur a bakin ƙofa. Ya miƙa hannu ya nuna mini hanyar, jan yadin na reto a yatsunsa.

Ƙiii.

"Kai ne babbansu?" in ji dattijon.

Ban tsaya ba. Na kama mijina ta hammata na ja shi da baya, yarinyar ta fito ta ɗauki ƙafafunsa. Ban ɗaga kai ba, amma kunne ba shi da murfi. Na ji ƙas ɗin farko. Na ji kanta ta faɗi. Na ji manajan yana kiran ma'aikatansa, kowa da sunan aikinsa, yana roƙo a zo.

Suna nan tsaye a bakin ƙofa cikin kayan gida, jajayen riguna a tare a ƙasa. Ba wanda ya motsa. Matar lasifika kaɗai ke amsa masa.

Maigidana ya rayu. Hannun dai bai ƙara miƙewa ba, ba ya iya riƙe sifana, sai ya koma zaman bakin gareji yana faɗa wa wasu abin da za su kwance. Barkwancin ma ya tafi, kuma shi na fi kewa. Masu kantin suka ce kanta ce ta rufto wa manaja. Suka sa sabon gilas, suka kawo sabon manaja, maɓallan suna nan inda suke.

Maigidana yana kwance a asibiti ne, ranar da ya fara buɗe ido, ruwan da ake ƙara masa ya ƙare. Babu nas a ɗakin. Na kai hannu zan danna ƙararrawar da ke jikin gadon, sai ya cafke ni da hannun hagu, riƙon da ya bar mini shaida a tsintsiyar hannu.

"Kada ki danna," ya ce da muryar da ta rage masa. "Tashi ki je ki kira ta da bakinki."

Na tashi na je.