Duwatsun Ƙarƙashin Fiffike

Tun da ya bar koyarwa, Mushe Mijinyawa (haka ake kiran malamin boko a Nijar) ba shi da abin so kamar ɗaukar hoton tsofaffin jiragen saman sintiri na Yaƙin Duniya na Biyu. A arewacin Dakoro ya iske gawar ɗaya, rairayi ya cinye rabinta. Wasu duwatsu jere ƙarƙashin fiffike suka ɓata masa hoto, sai ya kwashe su, alhali ya san alamar kabari ce.

Da almuru wani makiyayi ya yi masa sallama, murya kamar daga cikin rijiya.

"Malam, hoto ya yi kyau?"

Kunya ta rufe Mijinyawa. "Ka gafarce ni, zan mayar da su. Ɗan'uwanka ne?"

"Hanzarta dai. Gobe 'ya'yana za su zo ziyara, kada su rasa ni."