Yoyon Jirgin Dujam

Da yammacin Laraba Vinka ta miƙo mini makullin jirgin ruwan mijinta.

"Roko, duk aka yi ruwan sama sai ya taru a ciki. Asabar Tonka za ta fita da shi. Ka duba mana."

Na ce to. Ban iya kallon fuskarta ba.

Mijin nata, Dujam, abokin aikina ne. Shekara ashirin muna gyaran jirage masu tafiya da iska a tsibirin nan. Bara jigon jirginsa, dogon sandan da ke riƙe zanen iska, ya karye a teku, ya make shi ya faɗa ruwa. Aka janyo jirgin babu shi. An sa sabon jigo, yanzu 'yarsa Tonka ce za ta hau.

Mutane suka ce iska ce. Ni na san ba iska kaɗai ba ce. Kafin nan yana kwance da ciwon baya, ya ce in gyara masa yoyo a gindin ƙarfen da ke riƙe wayar jigo ta hannun hagu. Na tarar katakon ya fara ruɓewa. Aikin kwana uku ne, ni kuwa ina ɗokin bikin ƙanwata. Na shafe wurin da danƙo, na bi da fenti, na ce masa an gama. Daga baya ma na bar masu sa jigo suka sake ɗaure ƙarfen a wurin, ban ce uffan ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Na isa bakin ruwa rana na shirin faɗuwa. Masunta sun watse. Sai warin kwalta da na kifi, da ƙarar igiyoyi suna bugun jiguna.

Neman yoyo aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana sama yana zuba ruwa daki-daki, ɗaya yana ciki da tocila. In bai ga ɗigo ba ya buga sau ɗaya, a ci gaba. In ya gani ya buga biyu. Dujam ne mai zaman ciki, don ya ce idona na ado ne. Ranar ni kaɗai na zo, don kada wani ya ga abin da ba na so a gani.

Na ɗebo bokiti, na zuba a bakin taga.

Ƙwas. Sau ɗaya, daga ciki.

Na ce igiya ce. Na zuba a gindin jigo.

Ƙwas.

Na dubi ƙofar shiga. Kwado na nan a rufe, makulli yana aljihuna.

Na zo daidai ƙarfen hagu, na wuce shi, na zuba can gaba. Shiru. Can sai na ji ana jan tafin hannu a ƙarƙashin katakon da nake tsaye, a hankali, ana komawa baya. Ya tsaya a inda na tsallake.

Ƙwas, ƙwas.

Da na gudu. Amma kunya ta fi tsoro ƙarfi, na buɗe kwado na sauka.

Ciki duhu, da warin rigar da ta kwana a jiƙe. Ruwa ya shafe mini idon sawu. Na dangwala na ɗanɗana, kamar yadda muke yi don bambanta ruwan sama da na teku. Babu gishiri.

Ɗigo ya faɗo mini a leɓe daga gindin ƙarfen. Shi kuma gishiri ne zalla.

Ƙofa ta ja kanta ta rufe.

"Roko." Muryar a bayan kunnena take, ƙasa-ƙasa. "Ka tsallake wuri."

Tocila ta mutu.

Ruwa ya kawo gwiwa. Sanyi kamar ƙanƙara.

"Dujam, ka yi haƙuri," na ce.

"Asabar," in ji shi.

Na daki ƙofa da kafaɗa. Ko motsi.

Ruwa ya kawo ƙugu.

Na lalubo kurfin sassaƙa a ɗamarata, na laluba fentin da hannuna ya shafa, na caka. Ya shige kamar a cikin burodi. Na yi ta yagewa, ruɓaɓɓen katako yana zubo mini a fuska, har hasken magariba ya leƙo ta ramin.

Ƙofa ta buɗe.

Na fito da rarrafe. Wandona a bushe yake ƙamas.

Ban biya gida ba. Na tarar da Vinka tana gyaran kifi a ƙofar ɗakin girki, na dire mata guntun katakon a gabanta, da danƙona a manne. Na faɗa mata komai. Ta daɗe tana juya shi a hannu.

"Da safen ranar da ya fita sai da na ce masa ya sake dubawa," ta ce. "Ya yi dariya. Ya ce in Roko ya ce ya gyara, ai ya gyara."

Kwana huɗu na yi ina canza katakon, Tonka ta ɗage tafiya. Vinka ba ta faɗa wa kowa ba. Har yau ana kawo mini jirage, ana cewa a tsibirin nan babu mai amana kamata, ni kuwa sai in sunkuyar da kai in karɓi makulli.