Sunana a Bangon Littafi

"Ki cire sunanki kawai, hasken idona. Littafin ya fita, amma ba da sunanki ba."

Sakin baki na yi ina kallon Injiniya. Muna tsaye a ƙofar maɗaba'a, samfurin bangon littafina na farko a hannuna, saura wata biyu bikinmu.

"In cire me?!"

"Yayyena sun ce ba za su iya jin ana cewa matata na rubuta soyayya ba. Ke da kika haddace littafin Abbanku, ai kin san so sai da sadaukarwa..."

Ya san inda zai taɓa ni. Littafi ɗaya tak Abba ya wallafa, labarin matar da ta bar komai saboda mijinta, kuma har yau ana tare shi a hanya ana gaishe shi a kansa.

Da kuka na shiga ɗakin Umma, tana ninke wanki.

"Auta, wa ya mutu?"

Na zayyana mata komai, na share hanci. "Zan cire, Umma. Ina son shi. Zan yi yadda matar littafin Abba ta yi."

Rigar hannunta ta faɗi. Ta jawo akwatin ƙarƙashin gado, ta zaro wasu tsofaffin littattafan makaranta guda shida ta zube min a cinya.

Na buɗe na farko. Layin farko na littafin Abba ne, amma rubutun... wannan rubutu mai kwanciya da ke rubuta mana cefane!

"Umma... ke ce?"

"Ni ce. Da cikin yayanki na rubuta. Kakarki ta rantse surukarta ba za ta yi wannan abin kunya ba, sai na ce a sa sunan babanki."

"Innalillahi! Shekara talatin?"

"Da ɗaya."

Gyaran murya muka ji. Abba ne a bakin ƙofa, ya dafa bango kamar zai faɗi. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

"Auta, duk wanda ya gaishe ni a kan littafin nan, ji nake kamar an kama ni da kayan sata. Ita ta bayar, gaskiya ne. Amma ni na miƙa hannu na karɓa, kuma tun daga ranar ba ta sake rubuta ko layi ɗaya ba."

Umma ta sunkuyar da kai. "Ya isa, Malam."

"Bai isa ba."

Na ɗauki waya na kira Injiniya. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Kin yanke shawara, zuciyata?"

"Ina son ka, Allah ya sani. Amma sunana zai zauna."

Ina jin numfashinsa, ina addu'a a raina.

"To... Allah ya haɗa kowa da rabonsa." Ya kashe.

Na kifa kaina a cinyar Umma na fashe da kuka mai cin rai. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ɗago fuskata da tafukanta.

"Faɗa min, 'yar nan... idan mutum ya ga sunansa a jikin littafinsa, yaya yake ji?"