Rusunawar Tamimu

Raliya ta buga wayar a kan tebur har gilashin wayar ya tsage.

Bidiyon da ya rushe mata baiko ɗan gajere ne. Ga Tamimu, saurayinta, a wani lambu na Unguwar Ofisoshin Jakadanci a birnin Riyad, inda suke zaune, cikin wasu 'yan Sin, yana motsa hannuwa a hankali kamar mai iyo a iska. Da aka gama, ya haɗa hannu ya rusuna wa wani tsoho.

Khalida ce ta ɗauka, abokiyar aikin Raliya ta jinya, wadda ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan Tamimu. Ba ta tura wa kowa ba sai Mu'azzam, yayan Raliya, ɗalibin jami'a mai saurin yanke hukunci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu'azzam ya ce wannan ruku'u ne ga wanin Allah, wai tun da yaron ya yi karatun injiniya a Sin ya kwaso addininsu. Mahaifinsu, Baba Mijinyawa, ya tara mutane ya tambayi Tamimu. Tamimu ya sunkuyar da kai, bai ce uffan ba. Aka mayar masa da kayan baikonsa.

Makircin Khalida bai ƙona mata rai kamar wannan shirun ba.

Da tsagaggiyar wayar ta kira shi.

"Raliyata..."

"Kada ka sake ce mini Raliyata. An kira ka mushiriki a falon ubana, ka zauna kamar an ɗinke maka baki!"

Ya yi ta bayani da muryar nan tasa mai sanyi. Motsa jiki ne kawai, da daidaita numfashi. Tsohon nan malaminsa ne tun a Sin, aiki ya kawo shi Riyad. Mabiya Tawo, wata aƙidar 'yan Sin, in ji shi, suna ganin komai yana da hanyarsa, wanda ya yi kokawa da ita shi ke karyewa. Ruwa ba ya faɗa da dutse, kewaye shi yake yi. Mabiya Konfushiyas, wani malaminsu na dā, kuwa ginshiƙinsu ladabi ne: ɗa ga uba, ƙane ga wa, ɗalibi ga malami. Ta yaya zai ƙaryata dattijo a gaban jama'a?

"To ni ba dutse ba ce da za ka kewaye ni ka wuce," ta ce. "Faɗa mini gaskiya. A ladabin nasu, in uba ya yi kuskure, ɗa zuba masa ido yake yi?"



Ya amsa cewa a'a. Ana keɓe shi a gaya masa da taushin murya, in ya ƙi a sake komawa.

"Ashe rabin karatun ka ɗauko, rabin da ya dace da tsoronka."

Ta kashe wayar. Mai haƙuri yakan dafa dutse, gaskiya ne, amma sai ya hura wuta.

Washegari ta bi mahaifinta kasuwar Aziziya, inda yake aikin kayan lambu, ta ce sayayya za ta yi. Tana bayan akwatunan tumatir sai ga Tamimu. Ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa da fararen kayansa.

"Baba, ina kwana."

Baba Mijinyawa ya dube shi. Tun da Mu'azzam ya fara jami'a ya daina durƙusa masa, a tsaye yake miƙo hannu kamar sa'ansa. Tsohon bai taɓa faɗa ba, amma abin yana cinsa.

Tamimu ya faɗi komai bai ɓoye ba. Ya ga 'yan Sin suna kunna turare ga allunan sunayen kakanninsu, suna ajiye musu abinci. Malamin ya taɓa miƙa masa turaren, ya ce shi Musulmi ne, malamin bai sake miƙa masa ba. Shekarunsa a can bai bar salla ba. Abin da ya ɗauko shi ne girmama na gaba da riƙe fushi.

"Rusunawar fa?"

"Gaisuwarsu ce, Baba, kamar wannan da nake yi maka. In da shubuha a cikinta, na bar ta daga yau."

"Me ya hana ka faɗa a ranar?"

"Kunyarka... da tsoro."

Tsohon ya yi tsaki. Ya ce rashin sani ya fi dare duhu, kuma shi ma ya yi gaggawa, ya yanke hukunci da hoton da wata ta aiko. Ya ce a dawo da kayan, Mu'azzam kuma shi ne zai buɗe ƙofa ya karɓa.

Raliya ta fito, hawaye na zuba, fuska a ɗaure.

Tamimu ya miƙe, ruɓaɓɓen tumatir ya ɓata masa gwiwa. Ya rage murya. "Kin yafe mini, abar ƙaunata?"

Ta miƙa masa ledar albasar da ta saya ya riƙe mata.

"Na yafe. Amma ka sani, a gidana ruwa tafasa yake yi."